Kuskuren Da Ya Zama Dukiya: Tarihin Sentin Tagulla Na 1943

A shekarar 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, gwamnatin Amurka ta bukaci jan ƙarfe domin ƙera harsasai da wayoyin sadarwa. Saboda haka aka daina buga senti, wato mafi ƙanƙantar tsabar kuɗin ƙasar, da tagulla kamar yadda aka saba, aka koma ga baƙin ƙarfe da aka shafe da tutiya. Maƙerun kuɗi uku, na Filadelfiya da Denba da San Faransisko, sun buga fiye da biliyan guda na wannan farin senti a shekarar.

Sai dai wasu ƴan fallayen tagulla, ragowar aikin 1942, sun maƙale a cikin manyan akwatunan da ake zubo wa inji ƙarfe da su. Da aka zuba sabon ƙarfe, suka bi ayari, inji ya buga musu hoton Shugaba Linkon da shekarar 1943, suka fita kasuwa ba tare da kowa ya lura ba. Waɗanda masana suka tabbatar da ingancinsu har yau kimanin ashirin ne.

Da farko hukuma ba ta yarda kuskuren ya auku ba. A 1947 wani ɗalibi mai shekara 16 a jihar Masacuset ya tsinci guda a cikin canjin da aka ba shi a ɗakin cin abincin makaranta. Ya rubuta wa Baitulmali, aka amsa masa cewa duk sentin 1943 da baƙin ƙarfe aka yi shi. Bai jefar ba, ya adana abinsa fiye da shekara 70. Bayan rasuwarsa aka yi gwanjonsa a 2019 kan dalar Amurka 204,000. Kafin nan, a 2010, ƙwaya ɗaya tilo da aka sani daga maƙerar Denba ta yi dalar Amurka miliyan 1.7.

Irin wannan farashi ya jawo ƴan damfara. Wasu kan shafa wa farin senti ruwan jan ƙarfe, wasu kan kankare lambar 8 ta sentin 1948 har ta yi kama da 3. Maganaɗisu kan tona asirin na farko, domin baƙin ƙarfe yana manne masa, tagulla kuwa ba ta mannewa. Sikeli ma shaida ne: na tagulla giram 3.11 yake, na baƙin ƙarfe 2.7. Na biyun kuwa, sai an duba siffar lambar da gilashin ƙara girma.

Tagullar da ke jikin wannan senti ba ta kai a yi cinikinta ba. Abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke biya shi ne ƙarancinsa, da kasancewarsa shaidar shekarar da yaƙi ya kai har cikin aljihun talaka, shaidar da hukumar da ta buga shi ta taɓa musantawa.