Sarkin da Zane Ya Ɓata wa Suna

 Yau za mu leƙa gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris, inda aka rataye wani ƙaton zane na fentin mai, faɗinsa kusan mita 5, tsayinsa kusan mita 4. Sunansa "Mutuwar Sardanapalus". Bafaranshe Eugène Delacroix ne ya zana shi a 1827, zamanin da masu zanen Turai suka fi son abin da zai girgiza zuciya.

Me ke cikinsa? Sarkin Assuriya ne kishingiɗe a kan jan gado, ya tallafe kai da hannu, ko a jikinsa. Abokan gaba sun ci garinsa, shi kuwa ya sa bayi suna yanka ƙwaraƙwaransa da dawakinsa, don kada wani ya more su bayansa.

To, daga ina labarin ya fito? Daga wasan kwaikwayon da mawaƙin Ingila Lord Byron ya wallafa a 1821, shi ma a littattafan Girkawan dā ya samo shi. Amma a wasan Byron babu wannan yankan. Sarkin ya sallami mutanensa, ya shiga wuta shi da masoyiyarsa Myrrha. Delacroix ne ya ƙara gishiri. Da aka baje zanen a Paris ya sha suka sosai, sai a 1921 Louvre ta mallake shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Masana da dama na ganin sunan Sardanapalus gurɓataccen sunan Ashurbanipal ne, sarkin Nainawa, garin Annabi Yunusa (AS), daura da Mosul ta Iraƙi a yau. Shi ba rago ba ne. Mayaƙi ne mai tsanani, ya iya karatu da rubutu, kuma ya rasu tun kafin Nainawa ta faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wajen 1850 aka fara tono ɗakin karatunsa, aka samu alluna da gutsattsarin allunan yumɓu fiye da 30,000, ciki har da labarin Gilgamesh.

Kun ga ke nan, Girkawa sun ƙago, Byron ya gyara, Delacroix ya ƙara, kuma hoton ne ya zauna a idon mutane. Don haka in kun ga zanen wani sarki, ku tambaya: wa ya zana, kuma daga bakin wa ya ji?

Mu haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.