Elisabeta Lipă: Shekara Ashirin Tana Tuƙi

Elisabeta Lipă 'yar ƙasar Romaniya ce, gwanar tseren kwale-kwale. An haife ta ranar 26 ga Oktoba, 1964, a garin Siret da ke arewacin ƙasar. Ta halarci gasar Olamfik sau shida, daga 1984 zuwa 2004, ta ci lambobi takwas: zinare biyar, azurfa biyu, tagulla ɗaya. Yawan lambobin aka fi ambata, amma ainihin ma'aunin bajintarta shi ne yadda ta ci gaba da cin nasara alhali nisan tseren ya canza, jirgin ya canza, har mulkin ƙasarta ya canza.

Zinarenta na farko ta ci shi ne a Los Angeles a 1984, ita da Marioara Popescu a jirgin mutum biyu, tana da shekara 19. Masu suka na cewa wannan nasara ta zo da sauƙi, domin Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas, manyan abokan hamayya, sun ƙaurace wa gasar. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai abin da ya biyo baya ya amsa ta. A wancan lokaci mata mita 1,000 suke tuƙawa, daga baya aka ninka nisan zuwa mita 2,000, wanda ke neman juriya da dogon numfashi. A wannan sabon nisa, kuma kowa yana nan, ta ci azurfa da tagulla a Seoul a 1988, ta zama zakarar duniya a jirgin mutum ɗaya a Bled a 1989. A ƙarshen shekarar gwamnatin shugaban Romaniya Ceaușescu ta faɗi, tsarin da ke ɗaukar nauyin 'yan wasa ya girgiza, amma a 1992 ta ci zinare ita kaɗai a tafkin Banyoles, a gasar Barcelona.

Suka ta biyu ita ce zinare ukun ƙarshe, na Atlanta a 1996 da Sydney a 2000 da Athens a 2004, duk a jirgin mutum takwas ta same su, inda nasara ta kowa ce. Wanda ya san aikin ba zai raina wannan ba. Mai tuƙi ita kaɗai filafili biyu take riƙewa, ta ba wa inda za ta baya, kujerarta na zamewa gaba da baya, ita ke yanke wa kanta lokacin ƙara ƙarfi. A babban jirgi kuwa filafili ɗaya ne a hannunta, kuma dole bakinsa ya shiga ruwa daidai da na sauran bakwai, in ba haka ba jirgin ya karkata, gudu ya ragu. Zakara ta bar cin gashin kanta ta bi bugun wasu, wannan sabon koyo ne, kuma ta yi ta cin zinare da shi har tana dab da shekara 40.

Bayan ta ajiye filafili, an ba ta lambar Thomas Keller a 2008, mafi daraja a wannan wasa. Ta zama shugabar hukumar tseren kwale-kwale ta Romaniya a 2009, ta kuma riƙe ministar matasa da wasanni daga 2015 zuwa 2017. Ba ita kaɗai za a jingina wa farfaɗowar da wasan ya yi a Romaniya daga baya ba, domin masu horarwa da 'yan wasa su suka sha wahalar. Duk da haka, a 2024 jirgin mata takwas na Romaniya ya sake cin zinare a Paris, bayan shekara 20 ana jira, shaidar cewa makarantar da ta fito daga cikinta, ta kuma jagoranta, ba ta mutu ba.