Gubar Ƙarafa a Kifin Jega, Aliero da Maiyama

Gubar ƙarafa ita ce taruwar dalma, zaiba ko kadmiyam a jikin kifi. A Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, batun ya shafi Gulbin Zamfara, wanda ke biyowa ta Jega daga Jihar Zamfara, inda gubar dalmar haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a 2010. Taki da shara ma, waɗanda kan iya ƙunsar ƙarafan, kan kwarara cikin ruwa. Ƙarafan sun fi taruwa a hanta da ƙodar kifi, zaiba kuwa har cikin tsoka. Abin damuwa, suya ko banda ba sa kawar da su, kuma yara da masu juna biyu suka fi cutuwa.