Atacama: hamadar da ruwan sama ya zame wa ƙananan halittunta ajali

1/ Jama'a ku matso, yau tarihi ne. Akwai wata hamada a arewacin ƙasar Chile, sunanta Atacama. An daɗe ana gardama a kanta: akwai mai rai cikin ƙasarta ko babu? Gardamar ta kai har duniyar Mars. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da bushewar. Duwatsun Andes sun tare damshin gabas, a yamma kuma ruwan teku mai sanyi ba ya barin hadari ya haɗu. A yankin Yungay an dasa na'urar awo daga 1994 zuwa 1998. Shekara huɗu cur, ruwan kirki sau ɗaya ya sauka: milimita 2.3. Yayyafin da ko lakca ba zai hana ka zuwa ba.

3/ Wannan bushewar ce ta tara musu arziki. Gishirin naitret ya yi ta taruwa shekaru miliyoyi, babu ruwan da zai wanke shi, babu isassun bakteriya da za su cinye shi. Da shi ake yin taki da albarushi. A kansa aka gwabza yaƙi a 1879, Chile da Peru da Bolivia. Tun daga nan Bolivia ta rasa bakin teku, har yau.

4/ A 1913 Jamusawa suka fara haɗa sinadarin taki a masana'anta. Sannu a hankali kasuwar naitret ta mutu, garuruwan haƙa suka koma kufai. Yungay ma tsohon wurin haƙa ne. Da masu diga suka watse, sai masu bincike suka gaje wurin.

5/ Me ya kai su? A 1976 hukumar NASA ta Amurka ta sauke na'urori biyu, Viking 1 da 2, a Mars. Gwajin Gilbert Levin ya zuba ruwan abinci kan ƙasar, sai ga iskar gas tana fita kamar wani abu na ci. Amma ɗaya na'urar ba ta ga sinadaran da ake gina jikin mai rai da su ba. Aka yanke cewa babu rai. Levin bai yarda ba har ya rasu.

6/ A 2003 Rafael Navarro-González, ɗan ƙasar Mexico, da Chris McKay na NASA da abokansu suka fitar da sakamakon irin wannan gwaji a kan ƙasar Yungay. Kusan irin na Mars ya fito. Ko DNA ba su iya zaƙulowa ba. Wato da Viking a nan ta sauka, za ta iya cewa duniyarmu ma babu kowa 😅

7/ Ashe ba a duba inda ya dace ba ne. A 2006 Jacek Wierzchos da tawagarsa suka ba da labarin abin da suka gani cikin dunƙulen gishiri: bakteriya masu haɗa abincinsu da hasken rana, suna zaune lafiya.

8/ Ina suke samun ruwa? Kun san yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa komai ba? To haka ne. In damshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin 100, gishirin kan zuƙo shi ya zama ruwan gishiri a 'yan ramukan cikinsa. Shi ne rijiyarsu, shi ne inuwarsu daga zafin rana. Ikon Allah.

9/ A 2008 na'urar Phoenix ta gano gishirin fakloret a Mars, irin wanda ke Atacama. Navarro ya koma ɗakin gwaji, a 2010 ya nuna cewa in ka dafa ƙasa mai fakloret, yana ƙone sinadaran da kake nema. Ita kuwa Viking dafa ƙasar ta yi. Kun gane? Mai yiwuwa tanderunta ne ya cinye shaidar.

10/ Ga inda abin ya fi taɓa ni. A 2015 da 2017 aka yi ruwan da ba a saba gani ba a tsakiyar hamadar, har tafkuna suka kwanta. Kowa zai ce rai zai bunƙasa. Armando Azua-Bustos da Alberto Fairén suka duba, suka tarar mafi yawan nau'o'in da aka sani a wurin sun ɓace, 'yan kaɗan suka rage.

11/ Dalili: jikinsu ya saba da wawurar duk ɗigon da ya samu. Da ruwa ya yi yawa sai ya kwarara ciki har suka fashe. Abincin wani, gubar wani.

12/ Yanzu ku tuna gwajin Viking: ruwa aka zuba wa ƙasar Mars. Shi ya sa Dirk Schulze-Makuch ya yi tambaya, anya ba mu nutsar da abin da muka je nema ba? Hasashe ne fa, kar wani ya je ya ce an gano rai a Mars. Har yau babu hujja.

13/ Navarro ya rasu a Janairun 2021, korona ce ajalinsa. NASA ta sa wa wani tudu a Mars sunansa, a yankin da na'urar Curiosity ke aiki.

14/ Ni dai tun da na karanta wannan, in sakamakon gwajina ya nuna babu komai, sai na fara tuhumar hanyar da na bi. Ku tura wa 'yan ajinku, ni bari na koma karatun jarabawa.