Magungunan beta-blocker na hawan jini

Beta-blocker rukuni ne na magunguna da ke rage tasirin sinadarin adrenalin a kan zuciya. Idan mutum ya sha su, bugun zuciyarsa na raguwa kuma ƙarfin da take harba jini da shi na sassautawa, sai hawan jini ya sauka. Duk sunayensu na ƙarewa da "lol", amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Tarihi

Masanin magunguna ɗan Scotland, James Black, shi ne ya samar da propranolol a farkon shekarun 1960, kuma ya samu kyautar Nobel a fannin likitanci a 1988. Daga baya aka fitar da atenolol, metoprolol, bisoprolol, carvedilol, labetalol da nebivolol.

Bambancinsu

Propranolol yana aiki a kan zuciya da hanyoyin numfashi gaba ɗaya, saboda haka ba a ba wa mai asma. Ana amfani da shi wajen ciwon kai na ɓari guda da rawar hannu.

Atenolol, metoprolol da bisoprolol sun fi tsayawa a kan zuciya. Atenolol ta ƙoda yake fita daga jiki, don haka ake rage adadinsa ga mai ciwon ƙoda. Metoprolol kuwa hanta ce ke sarrafa shi.

Carvedilol, labetalol da nebivolol suna kuma buɗe jijiyoyin jini. Labetalol ne aka fi ba wa mai juna biyu, atenolol kuwa ana guje masa saboda yana iya tauye girman ɗan tayi. Ga mai gazawar zuciya, waɗanda bincike ya tabbatar suna tsawaita rai su ne bisoprolol, carvedilol da metoprolol succinate.

Matsayinsu a jinyar hawan jini

A 2006 hukumar NICE ta Birtaniya ta cire su daga sahun farko, domin ba su kai sauran magunguna kariya daga shanyewar ɓarin jiki ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta sa magungunan sa fitsari, da irin su amlodipine da lisinopril, a gaba. Haka kuma, beta-blocker shi kaɗai ba ya cika sauke hawan jinin baƙar fatar Afirka, saboda yawancinsu suna da ƙarancin sinadarin renin. Ana zaɓensu ne idan hawan jinin ya haɗu da ciwon ƙirji na zuciya, gazawar zuciya ko bugu ba bisa ƙa'ida ba.

Illoli

Suna iya kawo kasala, jiri, sanyin hannu da ƙafa, da raunin mazakuta. Ga mai ciwon suga, suna ɓoye faɗuwar gaban da ke nuna suga ya yi ƙasa. Dainawa farat ɗaya na da haɗari, domin bugun zuciya kan dawo da ƙarfi har ya kai ga bugun zuciya mai kisa. Likita ne ke rage su a hankali.

A Zariya

A Najeriya doka ta hana sayar da su sai da takardar likita, kuma lasisin masu kemis na unguwa bai haɗa da su ba. Mazauna Samaru da Sabon Gari da ke buƙatar likitan zuciya kan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake auna bugun zuciya da aikin ƙoda kafin a tsayar da wanda ya dace da majinyaci.