Baƙo da Bangon Mutane

A daren 10 ga Fabrairu 1934 ma'aikata suka shiga zauren wani bene mai hawa kusan 70 a birnin Niyok, suka farfashe wani katafaren zanen bango, suka kwashe ɓaraguzan a baro. Mai zanen, Diego Rivera, baƙo ne daga Meziko. Wata goma sha ɗaya kafin nan ya gama wani aikin a birnin Detroit, duk a cikin Amurka, kuma wancan yana nan tsaye har yau. Ƴan uwana ɗalibai, labarin waɗannan bangaye biyu nake son mu duba tare, don ina ganin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ke jiran duk wanda zai kai sana'arsa garin mutane: me baƙo zai yi kafin ya sami bakin magana a bangon da ba nasa ba?

An haifi Rivera a garin Guanajuato a 1886. Ya tafi Turai a 1907, ya zauna Ispaniya da Faransa, a 1920 kuma ya zagaya Italiya yana nazarin tsofaffin zanen bango. Da ya koma gida a 1921, yaƙin juyin juya halin Meziko bai daɗe da lafawa ba. Ministan ilimi José Vasconcelos ya buɗe wa masu zane bangayen gine-ginen gwamnati, domin talakan da bai iya karatu ba ya ga tarihin ƙasarsa da idonsa. Rivera ya cika bangayen ma'aikatar ilimi da manoma da mahaƙa da mata ƴan kasuwa. Ɗan gurguzu ne da bai taɓa ɓoyewa ba. Ya je Masko a 1927, ko da yake jam'iyyar ta kore shi a 1929. Abin mamaki, wannan mutumin ne attajiran Amurka suka riƙa rububin gayyata.

Irin zanen da yake yi ana ce masa firesko. Ana shafa ɗanyen shafe na farar ƙasa da rairayi daidai wurin da za a iya gamawa a yini, sai a zana da launi da ruwa tun shafen bai bushe ba. Idan ya bushe, launin ya zama jikin bangon. Ba allo ba ne da za ka sauke ka kai ɗaki in ya gundure ka. Mai zane zai karɓi kuɗinsa ya tafi, mutanen gari kuwa su za su kwana su tashi da abin shekara da shekaru. Wannan ya sa hakkin da ke kan mai zanen bango ya fi na sauran masu zane nauyi.

Rivera da matarsa Frida Kahlo sun sauka Detroit a watan Afrilu 1932. William Valentiner, shugaban gidan adana zane-zane na birnin, shi ya kira shi, Edsel Ford ɗan Henry Ford kuma ya biya kimanin dala 20,000 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba). Garin yana cikin wani hali. Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta tsayar da cinikin motoci, an sallami dubban ma'aikata. Ran 7 ga Maris, makonni shida kafin zuwansa, marasa aiki suka yi tattaki zuwa ƙofar masana'antar Ford ta River Rouge, ƴan sanda da masu gadin kamfani suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu a ranar, na biyar ya cika daga baya. To kun ga, ɗan gurguzu ya zo ya karɓi kuɗin Ford a garin da jini bai bushe ba.

Abin da ya fara yi shi ne ya ajiye buroshi. Kusan wata uku yana yawo a River Rouge da takarda da fensir, yana bin aikin daga inda ake narka ƙarfe har inda mota take fita da ƙafafunta, wani mai ɗaukar hoto na kamfanin yana biye da shi. Ya shiga masana'antar magunguna ta Parke-Davis da wasu wuraren. Sai a watan Yuli ya taɓa bango. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, shi kuwa kamar ya san da haka, ya ba idonsa lokaci ya buɗe.

Da aka gama a Maris 1933, zanen ya kai kashi 27 a bangaye huɗu. A bangon arewa ana haɗa injin motar Ford ta 1932, a na kudu ana buga jikinta. Ma'aikata baƙaƙe da farare suna jan ƙarfe kafaɗa da kafaɗa, wasu fuskarsu ta yi kore. Mutumin da ya yi shekaru a River Rouge zai iya tsayawa ya nuna wa ɗansa wurin da yake aiki. Kuma Rivera bai bar Mezikonsa a bakin ƙofa ba. Babban injin da ke matse ƙarfe a bangon kudu ya ba shi siffar Coatlicue, gunkiyar mutanen Aztek wadda take ba da rai take kuma cin mutane. Ya zana masu haɗa magani, ya zana masu haɗa bom na iskar guba. Ya faɗi ra'ayinsa ke nan, amma da kayan garin ya faɗe shi.

Duk da haka sai da aka yi rikici. A wani ɗan kashi ana yi wa jariri allurar rigakafi, ga ma'aikaciyar jinya, ga likita, ga doki da sa da tumaki a gaba, ga masana uku a baya. Limaman coci suka ce wannan izgili ne ga hoton haihuwar Annabi Isa yadda Kiristoci suke zana shi. Wata babbar jaridar garin ta ce aikin ya saɓa wa ɗabi'ar Amurka, wasu suka nemi a shafe shi. Sai dubban mutane suka yi ta tururuwa zuwa gani, Edsel Ford kuma ya tsaya a bayan aikin. Bangon ya tsira.

Akwai zargin da ya fi wannan nauyi, daga ɓangaren ƴan gurguzu ƴan uwansa ya fito. Suka ce ina mutanen da aka harbe? Ina layin masu jiran abincin sadaka? Gaskiya ne, babu su a bangon. Masana'antar da ya zana tana aiki gadan-gadan a lokacin da ta gasken take tangal-tangal. Ni dai ban ga laifin mai cewa ya sassauta don ya san mai biyansa ba. Amma ina ganin abin da ya ba ma'aikatan Detroit ba ƙarami ba ne. A gidan da aka saba rataya hotunan sarakuna da waliyyan Turai, ya ɗora leburan masana'anta a manyan bangaye, shi kuwa Edsel Ford da Valentiner ya maƙale su a wata kusurwa can ƙasa.

Daga Detroit kai tsaye ya wuce Niyok, inda iyalin Rockefeller suke gina wata babbar cibiyar kasuwanci. An nemi Picasso da Matisse, abin bai yiwu ba, aikin ya faɗo hannun Rivera a kan dala 21,000. Taken shi ne mutum a mararraba yana neman hanyar gobe, kuma an amince da zanen gwajin da ya gabatar. Nan fa bai yi wata uku yana kallo ba. Ya iso da amsarsa a aljihu: gefe ɗaya duniyar jari-hujja da sojoji da ƴan sanda suna dukan masu zanga-zanga da masu kuɗi suna caca, ɗaya gefen kuma bikin ranar ma'aikata da jajayen tutoci. Ran 24 ga Afrilu 1933 wata jarida ta buga cewa Rockefeller yana biyan kuɗin farfagandar gurguzu. Ba a daɗe ba sai ga fuskar Lenin ta fito sarai a bangon, alhali babu ita a zanen da aka amince da shi.

Nelson Rockefeller, saurayi ɗan shekara 24 a lokacin, ya rubuta masa wasiƙa ran 4 ga Mayu yana roƙon a sauya fuskar da ta mutumin da ba a sani ba. Rivera ya ƙi, ya ce sai dai ya ƙara Abraham Lincoln a ɗaya gefen. Bayan ƴan kwanaki aka sauko da shi daga kan dandamalin aiki, aka biya shi kuɗinsa cif, aka lulluɓe bangon. Kamfanin General Motors ma ya janye aikin da ya ba shi a Chicago. Ba don wata mataimakiyarsa, Lucienne Bloch, ta ɗauki hotuna a ɓoye ba, da ba mu san kamannin aikin ba. Da hotunan nan ya sake zana shi a 1934 a fadar Bellas Artes ta birnin Meziko. A nan ya rama: ya saka mahaifin Nelson, mutumin da ba ya shan giya, a gidan rawa da kofi a gabansa.

Kada ku ɗauka na wanke Rockefeller. Farfasa aikin da mutum ya yi makonni yana yi, cikin dare, ƙarfin kuɗi ne kawai. Kuma ban manta ba cewa gidan adana zane daban yake da zauren ofisoshi da ake neman ƴan haya. Amma Rivera ya karya abu biyu da ya kiyaye a Detroit. Na farko alkawari: abin da ya nuna daban, abin da ya zana daban. Na biyu, ya ɗauko gwarzon wata ƙasa ya liƙa wa mutanen da bai tambaya ba, a birnin da yake da nasa tarihin gwagwarmayar ma'aikata cike da rumbu. Lincoln ɗin ma sai da wuta ta kama ya tuna da shi.

Sai dai in na tsaya nan za ku ce darasin shi ne baƙo ya bi mai gida sau da ƙafa. Shi ya sa zan kawo na uku. A shekarar 1932 ɗin dai, wani ɗan Meziko, David Alfaro Siqueiros, ya sami bango a titin Olvera na Los Angeles. An gyara titin a 1930 ya zama kasuwar ƴan yawon buɗe ido, da manyan huluna da kiɗa, wai ga Meziko. A wannan lokacin kuwa hukumomi suna kwasar ƴan asalin Meziko suna mayar da su ƙetaren iyaka, har an yi samame a dandalin da ke kusa da titin a Fabrairu 1931. An nemi Siqueiros ya zana ƙasa mai zafi da ni'ima. Da aka buɗe América Tropical ran 9 ga Oktoba, sai ga ɗan asalin nahiyar ɗaure a kan gicciye, mikiyar Amurka a samansa. Ba a sabunta masa takardar zama ba, aka bi zanen da farin fenti.

Shi ma ya ba masu aikin mamaki kamar Rivera, kuma wannan abin zargi ne. Bambancin shi ne ciwon da ya zana na mutanen unguwar ne. Da farin fentin ya fara kwarewa a ƙarshen shekarun 1960, jikokin waɗanda aka wulaƙanta suka ce bangon nasu ne, suka yi ta fafutuka, cibiyar Getty da hukumar birnin suka gyara shi, aka buɗe wa jama'a a 2012. Ashe al'adar gari ba ita ce abin da mai kuɗi yake son nuna wa baƙi ba. Kafin ka ce kana girmama mutanen wuri, sai ka san su wane ne mutanen, wa yake magana da sunansu, wa aka hana magana.

Mu ma bango ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya ga yadda magina suka ƙawata fuskokin gidaje da zayyana, kowace tana faɗin matsayin mai gidan. Kuma kowa ya ga zanen faɗakarwa da ƙungiyoyin waje suke sa a yi a bangon makarantu da asibitoci. Wani ka gani ka gane kanka, wani kuwa ɗaurin zanen matar da kamun turmin sun isa su nuna maka mai zanen bai taɓa zama a tsakar gida ba. Gobe wasunmu ne za su zama baƙi a Maroko ko Turkiyya ko Faransa, da buroshi ko alƙalami ko kyamara. Abin da na tsinta a wannan tarihi guda uku ne: ka daɗe kana kallo kafin ka taɓa, ka faɗa wa mai bango abin da za ka yi tun farko ko da zai hana ka aikin, kuma in za ka yi suka, ka yi ta da abin da ka gani a wurin.

A shekarun 1950, lokacin da ake farautar ƴan gurguzu a Amurka, an sake taso da maganar zanen Detroit. Masu gidan suka kafa allo a bakin zauren suna tir da siyasar Rivera, suna kuma kare aikinsa. Rivera ya rasu a 1957. A 2014 gwamnatin Amurka ta saka zanen cikin wuraren tarihi na ƙasa. A zauren Niyok kuwa, wanda ya shiga yau zanen wani ɗan Ispaniya, José María Sert, zai tarar a wurin.