Fatar Kano da Sharaɗin Mai Saye

Lokacin da Heinrich Barth, Bature ɗan Jamus, ya iso Kano a 1851, ya tarar jima da dukanci sun daɗe da wuce bukatar gari. Takalma da jar fatar akuya suna bin ayarin raƙuma su ƙetare Sahara zuwa Gadamas da Tarabulus, can kuma a sayar wa Turawa da sunan fatar Maroko, su yi bangon littattafai masu tsada.

Sirrin yana jikin jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, mai fata lafiyayya, ga laushi ga ƙwari. Sauran aikin na majemi ne: toka ta cire gashi, bagaruwa ta jeme, karan dafi ya ba da ja. Komai daga gona da daji yake, kuma can yake komawa.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya wa arewa baya ya fuskanci teku. Kamfanonin Turawa irin su John Holt busasshiyar ɗanyar fata suka fi so, a jeme musu a can gida. Sai ƙorafi ya taso: wuƙar mahauci na huda fata wajen fiɗa, shanya a ƙasa cikin rana kuma na ɓata ta. Ma'aikatan dabbobi na gwamnatin mulkin mallaka suka shiga koya wa mahauta fiɗa da lura, da rataye fata a inuwa iska ta busar da ita. Ba don son mahauci aka yi ba, amma fatar inuwa ta fi kuɗi, shi ya sa dabarar ta zauna.

Daga baya masana'antu suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, suna jima da sinadarin kurom, wanda ke gama aikin makonni cikin kwana ɗaya ko biyu. Fatar awaki da tumaki ta riƙa tafiya Italiya da Sifen. Ƙirgin saniya kuwa, masu cin ganda sun riga masana'anta.

Abin da ba a sa cikin lissafi ba shi ne ruwa. Dagwalon masana'antu ya riƙa gangarawa kogin Challawa da rafin Getsi, inda manoman rani ke ban ruwan kayan lambu. Shekara da shekaru mai saye a Turai bai tambaya ba.

Yanzu yana tambaya. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fatar da ke taɓa jikin mutum idan nau'in kurom mai guba a cikinsu ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Ƙungiyar Leather Working Group, wadda aka kafa a 2005, tana bin masana'antun jima tana duba ruwan da suke zubarwa, da sinadaran da suke amfani da su, da inda fatar ta fito, kuma manyan kamfanonin takalma da jaka da dama sun fi son mai shaidarta. Kamfanin da ya gina matatar ruwa yana da bakin neman wannan kasuwa. Wanda bai gina ba sai ya sayar da araha ga wani ya ƙarasa aikin, ya kwashe riba.

A majemar Ƙofar Wambai har yau da bagaruwa ake jima, irin jimar itatuwa da wasu masu saye a Turai ke nema ido rufe. Sai dai majemin da ya sayi fatarsa ɗaya-ɗaya a kasuwar ƙauye ba shi da takardar da za ta nuna daga ina akuyar ta fito.